Mota mai kulle kanta: abin da ya kamata masu motoci a Damargu su sani game da makullin zamani

Daga Bakin Birji zuwa Tanut, daga Tanut zuwa Belbeji, motocin da ake buɗewa ba tare da an zura makulli a ƙofa ba sai ƙaruwa suke yi. Suna da daɗin aiki, amma suna da dokokinsu: wata tana kulle kanta bayan daƙiƙa 30, wata tana ci gaba da tafiya ko da makullinta ya tsaya a aljihun wani, wata kuma idan aka kulle ta sau biyu, wanda ke ciki ba ya iya fita. A yankin da zafi ke wuce digiri 40, kuma mai gyaran irin wannan makulli yake nesa, rashin sanin waɗannan dokoki yana iya jawo asarar kuɗi, har ma da ta rai.

Abin yakan faru kamar wasa. Mai mota ya tsaya a kasuwa, ya ajiye makulli a kan kujera don ya sauke buhu, iska ta turo ƙofa, sai kawai ya ji ƙarar kullewa. A Yamai, waya ɗaya ta isa a samu wanda zai zo da kayan aiki. A Damargu lissafin daban ne. Tsakanin Tanut da Damagaram kusan kilomita 140 ne a kan hanyar Agadas, wanda kuma ya shiga hanyoyin yashi na Gangara, Tenhiya ko Tarka ya ƙara nisa da taimako. Kamfanin CFAO, wakilin Toyota a Nijar, yana Yamai, sama da kilomita 1000 daga Tanut.

Galibin abin da direbobi ke ɗauka lalacewa ce, tsari ne da kamfani ya saka wa motar tun daga masana'anta, kuma da yawansa ana iya sauya shi.

Makullin iri biyu ne

Na farko shi ne telekomand mai maɓallai, ɗaya da hoton kwaɗo a rufe, ɗaya da hoton kwaɗo a buɗe. Ana danna shi a buɗe ƙofa daga nesa, amma sai an zura ƙarfen makulli a kontak kafin mota ta tashi. Wani Bafaranshe mai suna Paul Lipschutz ne ya ƙirƙiro shi, kuma motar Renault Fuego ce ta fara fitowa da shi a 1982.

Na biyu shi ne wanda ba a ma fiddo shi daga aljihu. Mercedes-Benz ta fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, Renault ta biyo da kati a motar Laguna II a 2001, yau kuma ana samun sa a Toyota, Honda, Hyundai, Kia, Peugeot da sauransu. A jikin motar akwai ƙananan eriya da ke aika kira mai gajeren zango. Idan makullin yana kusa, ƙasa da mita ɗaya daga hannun ƙofa, sai ya amsa da lambar sirri. Motar ta gane lambar, ta buɗe da zarar an kama hannun ƙofa. Idan eriyar cikin mota ta ji makullin yana ciki, sai a taka birki a danna maɓallin tayarwa.

Ke nan motar ba ta san mai ita ba, makulli kawai ta sani da wurin da yake. Duk wanda ya kama ƙofa alhali makullin yana kusa, buɗe masa za ta yi.

Hanyoyi huɗu da mota ke kulle kanta

Ta farko ita ce sake kullewa. Idan aka danna buɗewa amma ba a buɗe ko ƙofa ɗaya ba, motar tana ɗauka kuskure aka yi, sai ta mayar da kulle. A yawancin motoci bayan daƙiƙa 30 ne, a Toyota da aka ƙera don kasuwar Amurka kuwa yakan kai 60.

Ta biyu ita ce kullewa a kan tafiya. Wasu motocin suna kulle ƙofofi da zarar an fidda giya daga P, wasu sai gudu ya kai wani mataki: wajen kilomita 10 a awa a Renault da Peugeot, wajen 20 a Toyota. Wannan kariya ce ga yaran da ke baya, da kuma hana mai fizge buɗe ƙofa a cunkoso. Motoci da yawa suna buɗe kansu idan aka yi karo mai ƙarfi, domin a samu fidda mutane.

Ta uku ita ce kullewa idan mai makulli ya yi nisa. Honda da Renault na cikin masu wannan tsari: an rufe ƙofofi, mai makulli ya yi ƴan taku, mota ta yi ƙara ta kulle. Ba ta duba ko an bar tsohuwa ko jariri a kujerar baya.

Ta huɗu ba daga masana'anta take ba. Motocin hannu da yawa suna isowa da ƙararrawar ɓarayi da wani mai motar na baya ya sa aka ɗaura. Wasu daga cikin waɗannan na'urori suna kulle ƙofofi jim kaɗan bayan an rufe su, ko da makulli yana ciki. Duk wanda ya sayi mota ya ga telekomand ɗinta ba ta da tambarin kamfanin motar, ya dace ya gwada ta a gida: a sauke gilashi ɗaya, a bar makulli a kujera, a rufe ƙofa, a jira minti biyu a ga abin da za ta yi.

Motocin da ba a zura musu makulli an tsara su ne su ƙi kullewa idan makullin yana ciki. Sai dai littafin Toyota da kansa ya yi gargaɗin cewa motar tana iya kasa jin sa idan an ɗora shi a saman tablo, ko a aljihun ƙofa, ko a akwatin takardu, ko kuma idan pil ɗinsa ya yi sanyi. Dabara mafi sauƙi ita ce makulli ya zauna a aljihu, kada a ajiye shi a cikin mota ko na minti ɗaya.

Kullen da ke hana fita

Motocin da aka ƙera don Turai da dama suna da kulle na biyu, wanda littattafan Faransanci ke kira super-verrouillage ko super-condamnation. Idan ya shiga, hannun ƙofa na ciki ma ya daina aiki. An yi shi ne don ɓarawon da ya fasa gilashi ya kasa buɗe ƙofa, amma haka yake tsare duk wanda aka bari a ciki. A Peugeot da Citroën da dama, yana shiga ne idan aka sake danna kullewa cikin daƙiƙa 5. A Volkswagen da dama akasin haka ne: dannawa ɗaya ke saka shi, ta biyu nan take ke cire shi. Direban da ya saba danna maɓalli sau biyu don ya tabbatar, ya kamata ya san wace irin mota ke hannunsa.

Akwai kuma makullin yara, wani ɗan ƙaramin maɓalli a gefen ƙofar baya wanda ba a ganin sa sai ƙofa tana buɗe. Idan aka tura shi, ƙofar ba ta buɗuwa daga ciki. Yana da amfani a kan tafiya, amma yaron da ya shiga mota shi kaɗai zai ja hannun ƙofa har ya gaji.

A nan ne zafin Damargu ke shigowa. Wani bincike da likitocin jami'ar Stanford ta Amurka suka wallafa a 2005 ya nuna cewa zafin cikin motar da ke rufe a rana yana ƙaruwa da kusan digiri 22 cikin awa ɗaya, kuma kashi 80 cikin 100 na ƙarin yana zuwa ne a rabin awar farko. Sauke gilashi kaɗan bai sauya komai ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da waje ke wuce digiri 40, cikin mota yana iya haura 60. Jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar fiye da na babba. A Amurka, inda ake ƙidayar irin wannan mutuwa tun 1998, yara kusan 37 ne ke rasuwa haka kowace shekara. A maƙwabciya Najeriya, a watan Disamba na 2021, an tarar da gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da ke ajiye a yankin Badagry na jihar Legas.

Saboda haka motar da ke ajiye a gida ko a ƙofar gida a kulle ta, a ɗaga makullin inda hannun yara ba ya kaiwa. Idan aka nemi yaro aka rasa, a fara duba motocin unguwa, har da but ɗinsu. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga ƙarshen 2001 suna da wani mariƙi mai haske a duhu a cikin but, wanda ake ja a buɗe daga ciki, kuma yana da kyau a nuna wa yaran da suka yi wayo.

Idan kuwa yaro ya maƙale a mota a rana, ba a jiran mai gyara. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17, amma minti goma suna da yawa. A fasa gilashin gefe da ya fi nisa da yaron, a buge shi a kusurwa da abu mai tsini. Gilashin gaba ba ya wargajewa, ɓata lokaci ne. A kai yaron inuwa, a cire masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi likita mafi kusa. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa ruwa a baki.

Ranar da pil ya mutu

A cikin makullin akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, wanda aka fi sani da pil, mai ƙarfin volt 3. Lambarsa tana rubuce a jikinsa: CR2032, CR2025 ko CR1632 su ne aka fi gani. Lambar girma take nunawa, misali CR2032 faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa 3,2, don haka a sayi daidai wanda aka cire. Toyota ta ƙiyasta masa shekara ɗaya zuwa biyu, domin makullin yana sauraren kiran mota dare da rana. Ajiye shi kusa da talabijin, kwamfuta ko cajar waya yana ƙara cinye shi, haka ma barin sa a rana. Alamar ya kusa ƙarewa ita ce sai an matso sosai kafin mota ta amsa.

Mutuwar pil ba ta hana tafiya. A jikin kusan kowane irin wannan makulli akwai siririn ƙarfe a ɓoye; ana danna wani ɗan maɓalli a zaro shi, a buɗe ƙofar direba. A wasu motocin ramin makullin yana ƙarƙashin wani murfi a ƙarshen hannun ƙofa. Ƙararrawa tana iya tashi, amma takan yi shiru idan mota ta tashi. Wajen tayarwa, a Toyota ana taka birki, a manna gefen makullin mai tambari a kan maɓallin tayarwa, sannan a danna. Wasu kamfanonin sun ware wani rami ko wuri mai hoton makulli kusa da sitiyari ko tsakanin kujeru. Wannan yana aiki ne saboda motar ce ke bai wa makullin ɗan wutar da yake buƙata idan sun haɗu.

Matsalar Damargu ita ce ƙura. Ramin makullin da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, hunturu ya cika shi da yashi, ranar da aka buƙace shi sai ƙarfe ya ƙi juyawa. A riƙa gwada shi sau ɗaya a wata. Kada a zuba masa baƙin mai ko man gyaɗa, domin ƙura suke kamawa. Akwai man feshi da aka yi don makullai. Wannan ƙarfe ne kuma kaɗai mafita idan babban batirin motar ne ya sauka, domin a lokacin ko sabon pil ba ya buɗe ƙofa.

Mai zuwa Aderbisinat ko Agadas, ko mai shiga daji wajen makiyaya, ya riƙe pil na ajiya a jakarsa, ba a cikin mota ba. Tsohon da aka cire kuma a yar da shi inda yara ba za su tsinta ba: idan yaro ya haɗiye shi, yana iya ƙona masa maƙoshi cikin awa biyu.

Wani lokaci pil lafiya lau yake amma mota ta ƙi ji. Hakan na faruwa kusa da eriyar rediyo ko talabijin, tashar lantarki ko filin jirgi, ko idan makullin yana manne da wayar salula, tsabar kuɗi ko takardar ƙarfe irin ta kwalin taba. A raba shi da su, a kusanto da shi jikin ƙofa. Mai wankin mota shi ma yakan ga ƙofofi suna buɗewa suna kullewa da kansu: ruwa ne ke taɓa hannun ƙofa alhali makulli yana kusa. A nisanta shi da mita biyu, shi ke nan.

Motar da ta tafi ta bar makulli

Wannan kuskure ya fi kama masu direba ko masu ba da aron mota. A ce alhaji ya sauka a tashar Tanut da makulli a aljihun rigarsa, injin yana aiki, direba ya wuce Belbeji. Motar za ta yi ƙara ta nuna alama a tablo, amma ba za ta mutu a hanya ba, domin kashe injin ana cikin gudu haɗari ne. Sai direba ya isa ya kashe ta, sannan ta ƙi tashi. Duk lokacin da aka sauya mai tuƙi, a miƙa makulli hannu da hannu.

Haka kuma ana iya fita a bar injin yana aiki ba a sani ba, tun da babu abin da ake zarewa. Jaridar New York Times ta ƙirga a 2018 cewa mutum 28 sun mutu a Amurka tun daga 2006 sakamakon hayaƙin irin waɗannan motoci da aka manta a kunne a gareji. Wanda garejinsa ke manne da ɗakin kwana ya tabbatar tablo ya mutu kafin ya rufe ƙofa.

Kafin a biya kuɗin mota

Motocin hannu da suka shigo ta Lome, Kwatano, Najeriya ko Libiya ba ƙasa ɗaya aka ƙera wa su ba. Makullan Amurka da Japan galibi suna aiki a zangon megahaz 315, na Turai a 433. Makullai biyu suna iya yin kama kamar tagwaye, amma wanda aka sayo a Kano ko Maraɗi ya ƙi aiki saboda zangonsa ba na motar ba ne. A je da tsohon a gwada lambobin da ke bayansa ko cikinsa.

Da yawan motocin nan da makulli ɗaya ake sayar da su. Yin na biyu tun na farko yana aiki ya fi sauƙi da araha nesa ba kusa ba. Idan duka suka ɓace, sai an nemo ƙwararre da kwamfuta, wani lokaci har a sauya na'urar cikin motar. Ya dace kuma a sa mai gyara ya duba makullai nawa motar ta sani, ya goge waɗanda ba sa hannun sabon mai ita. Na biyun a ajiye shi a gida wurin wanda aka amince da shi. Ɓoye shi a jikin motar tamkar barin ƙofa a buɗe ne, tun da motar za ta ji shi ta buɗe wa kowa.

Ɓarayi ma sun koyi zamani

A 2011 masu bincike na jami'ar ETH da ke Zurich a ƙasar Suwizalan sun gwada motoci iri 10 na kamfanoni 8, kuma duka sun buɗe su sun tayar da su ba tare da makulli a hannu ba. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya tsaya kusa da inda makullin yake, ɗaya kusa da mota, su miƙa kiran ta na'ura, sai motar ta ɗauka mai ita ne ya zo. Ƙungiyar masu motoci ta Jamus, ADAC, ta ci gaba da irin wannan gwaji tun 2016 a kan ɗaruruwan motoci, kuma mafi yawansu sun buɗe. Kariyar ba ta da tsada: da dare a nisanta makulli daga ƙofar gida da bangon titi, a saka shi a gwangwani mai murfi. Don a tabbatar gwangwanin yana aiki, a je da shi a rufe kusa da mota a kama ƙofa. A sababbin Toyota ana iya kwantar da makullin: a riƙe maɓallin kullewa, a danna na buɗewa sau biyu, fitilarsa ta ƙifta sau huɗu. Danna kowane maɓalli yana tashe shi.

Wata dabarar, wadda ta yi ƙaurin suna a Afirka ta Kudu, ita ce toshe saƙon telekomand: mai mota ya danna ya juya baya, alhali ƙofa ba ta kullu ba. A wurin cunkoso kamar kasuwar Dole ta Damagaram ko tashoshin mota, a tsaya a ga fitilu sun ƙifta, a ji ƙarar kulle, kafin a tafi.

Yadda ake sauya tsarin

Hanya uku ce. A motoci masu allo, ana shiga sashen saituna a nemi wurin ƙofofi, wanda ake rubutawa Verrouillage a na Faransanci, Door Lock a na Ingilishi. A wasu, ana riƙe wasu maɓallai na ƴan daƙiƙoƙi kamar yadda littafin motar ya nuna. Wanda motarsa ta zo babu littafi yana iya sauke shi kyauta daga intanet da sunan motar da shekararta. Sauran saitunan sai mai gyara ya jona kwamfuta a wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda ake kira OBD. Kowane sauyi a yi shi mota tana tsaye, gilashi ɗaya a sauke, sannan a gwada.

Wane tsari ya dace? Ga motar iyali, kullewa a kan tafiya ya kamata ta zauna a kunne, kullewa idan an yi nisa kuma a kashe ta, domin mutum ya kulle da hannunsa bayan ya leƙa kujerar baya. Ga ɗan kasuwa mai yawo da kuɗi ko mai dawowa da dare, akwai tsarin da dannawar farko ke buɗe ƙofar direba kaɗai, ta biyu ta buɗe sauran. Ƙara da ƙiftawar fitila da ke tabbatar da kulle kuwa kada a kashe su, ko da maƙwabta sun ce suna damun su.

Motocin ma'aikatu, na ƙungiyoyin agaji da na ƴan kasuwa da ke bin hanyar matatar mai ta SORAZ sukan ratsa hannun direbobi da yawa. Rabin awa a tsakar gida ta isa kowane direba ya zaro ƙarfen ɓoye, ya gano ramin makulli, ya gwada tayar da mota kamar pil ya mutu, ya kuma ƙirga daƙiƙa nawa take yi kafin ta kulle kanta. Gara a koyi wannan a inuwar gida da a koye shi da tsakar rana tsakanin Tanut da Aderbisinat.